Hoton Kai Ya Fito Lafiya, Amma Yaron Bai Dawo Daidai Ba

Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce, ina zaune a Asawase, nan Kumasi. Ɗana na biyu shekararsa 15, yana aji uku na JHS, yana buga ƙwallo a wata ƙungiyar yara ta unguwa. Yau kwana goma da suka gwara kai da wani yaro, sun tashi sama za su sa wa ƙwallo kai. Ya faɗi, bai suma ba, ya miƙe ya ƙarasa wasan. Da daddare ya yi amai sau biyu, muka kai shi asibiti, aka yi masa hoton CT, aka ce babu komai, aka sallame mu. Tun ranar na kasa gane kansa. In ya buɗe littafi minti goma kai ya fara sara masa, hasken rana na damunsa, in ya ɗago daga sujada jiri ya kwashe shi, ga saurin fushi da ba halinsa ba. Sau biyu ya koma atisaye, duk a kwance ya ƙare. Kullum sai ya sha maganin ciwon kai na kemis. Babansa ya ce tunda hoto ya wanke shi, lalaci ne da gudun karatun BECE. Kocinsu na nemansa ranar Asabar, wai mai neman 'yan wasa zai zo kallo. Ƙanwar maigidana kuma ta ce CT ba ya gani sosai, a yi MRI. Ɗaukar adashina ta kusa. In zuba kuɗin a MRI, ko in bar shi ya buga?

Wata uwa, Asawase

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Kada ya buga ranar Asabar, kada kuma ya sake zuwa atisaye sai likita ya sa hannu. Kuɗin adashin ki riƙe abinki tukuna. Abin da yaron nan yake bukata a makon nan likita ne da zai zauna da shi rabin awa ya gwada idonsa, wuyansa, tsayuwarsa da tunaninsa. Duk abin da kika lissafa alamun girgizar ƙwaƙwalwa ne, kuma ciwo ne da hoto ba ya kamawa.

Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba. Tana zaune cikin ruwa, da laushi kamar ɗanyen wagashi. Idan kai ya tsaya farat ɗaya ko ya murɗa da ƙarfi, sai ta jijjiga a ciki, zaruruwan jijiyoyinta da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba su ja su miƙe. Ƙofofin ƙwayoyin su buɗe ba bisa ƙa'ida ba, sinadarin fotasiyam ya zubo waje, kalsiyam ya kutsa ciki. Mayar da kowane wurinsa aiki ne mai cin sukari sosai, ga shi a kwanakin nan jinin da ke kawo sukarin ya ragu. Ke da kike Kumasi kin san ranar da aka kawo wuta mara ƙarfi: fitila ta yi ja-ja, fanka na juyawa da ƙyar, a jona dutsen guga komai ya ɗauke. Ki kira mai hoto ya ɗauki gidan, zai nuna wayoyi lafiya, mita lafiya, bango bai tsage ba. Ƙarfin wutar ne ba ya fitowa a hoto. Karatu da gudu su ne dutsen gugar ɗanki a yanzu.

Rashin suma kuwa ba hujja ba ce, cikin masu irin wannan ciwo goma da wuya a sami fiye da ɗaya da ya suma. Ƙarasa wasan ne ya ƙara masa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 kan matasa 'yan shekara 12 zuwa 19 ya nuna waɗanda aka fitar daga fili nan take sun warke cikin kwana 22 a matsakaici, waɗanda suka ci gaba da wasa kuma sai da suka kai kwana 44.

CT ɗin da aka yi masa daidai ne, kuma kuɗinku bai tafi a banza ba. Yaron da ya bugu a kai ya yi amai sau biyu, tsoron likita shi ne jini. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini da ta bi ta ƙarƙashinsa. In ta tsinke, yaro na iya miƙewa ya yi hira ya ci abinci, bayan 'yan awoyi jinin ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. CT cikin 'yan mintuna yake nuna sabon jini fari tas, ya nuna karayar ƙashi. Tambaya ɗaya aka yi wa na'urar: akwai abin da zai sa a shiga tiyata yau? Ta ce babu. Ba a tambaye ta ko ƙwaƙwalwar na aiki daidai ba, kuma ko an tambaye ta ba ta da idon gani, domin abu ƙasa da rabin milimita ya fi ƙarfinta, zaruruwan da suka ji ciwo kuwa ana auna su da kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Nan maigida ya yi kuskuren fassara, kuma kuskure ne da iyaye da kociyoyi da yawa ke yi.

Kada wani ya ce a sake CT don hankali ya kwanta. Da hasken eksire yake aiki, hoton kai ɗaya kusan milisibat 2 ne a ma'aunin wannan haske, kwatankwacin abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin wata takwas. Sau ɗaya da dalili ba abin damuwa ba ne, amma jikin yara ya fi na manya jin wannan haske, ba a tara musu shi haka kawai. Don haka ne ma likitocin yara suke da ma'aunin wanda ya cancanci hoto, wanda aka fitar a 2009 bayan bin yara sama da 42,000 a asibitocin Amurka. Yaron da hankalinsa ke daidai, bai suma ba, bai yi amai ba, kansa ba ya matsanancin ciwo, babu alamar karaya, buguwar kuma ba mai muni ba ce, haɗarin mummunan rauni a kansa bai kai 1 cikin 2,000 ba. Irin wannan ido ake sa masa, ba a kai shi na'ura. Eksire na ƙoƙon kai da wasu ƙananan wurare ke yi kuwa asarar kuɗi ce, ƙashi kawai yake nunawa.

Ƙanwar maigidanki ta faɗi rabin gaskiya. MRI ya fi CT ganin naman ƙwaƙwalwa, yana kama ƙananan ƙurjewa da ɗigon jini da CT ke tsallakewa, kuma da maganaɗisu yake aiki, babu hasken eksire. Yaro zai kwanta cikin rami mai ƙara minti 20 zuwa 40 ba motsi. Sai dai a girgizar ƙwaƙwalwa ta filin wasa mafi yawansu lafiya lau suke fitowa, ki biya kuɗin da ya fi na CT, ki dawo gida da takarda ta biyu da za ta ƙara wa babansa ƙarfin cewa lalaci ne. Wani lokaci kuma hoton ya tono wata 'yar jakar ruwa ko ɗan tabo da aka haifi yaro da shi, ba ruwansa da ƙwallo, gida ya shiga fargabar abin da ba ya cutarwa. Kafin a biya kuɗin kowane hoto, tambayar da za a yi wa likita ita ce: in ya nuna wani abu, me za mu canza a jinyar? A halin ɗanki na yau, kusan babu.

Wataƙila ƙanwar maigidan ta gani a intanet cewa MRI na nuna girgizar ƙwaƙwalwa da launuka ja da shuɗi. Akwai su. Wani nau'in yana bin yadda ruwa ke tafiya a cikin zaruruwan jijiya, ana kiransa DTI. Wani yana auna iskar da ke cikin jini yayin da sassan ƙwaƙwalwa ke aiki, shi ne fMRI. Wani kuma yawan jinin da ke shiga kowane sashe yake aunawa. A 2017 masu bincike a Kanada sun bi yara 'yan wasan hoki na ƙanƙara, 'yan shekara 11 zuwa 14, suka ga sauye-sauye a zaruruwan har bayan wata uku, lokacin da yaran sun ce sun warke an kuma mayar da su fili. Amma yadda ake gane haka shi ne a tara hotunan yara da yawa da suka bugu, a kwatanta da na waɗanda ba su bugu ba, sai bambancin ya fito a lissafi. Hoton yaro ɗaya tilo ba shi da abin da za a gwada shi da shi, tunda ba a ɗauki nasa kafin ya bugu ba, kuma ƙwaƙwalwar ɗan shekara 15 tana cikin girma, kowane wata da yadda take. Taron ƙwararru na duniya kan wannan ciwo da aka yi a Amsterdam a watan Oktoba 2022 ya tsaya a kan cewa waɗannan hotuna na ɗakin bincike ne, ba a yanke hukuncin jinya ko komawa wasa da su. Darasinsu dai guda ne, kuma ya shafe ki: ƙwaƙwalwa na iya kasancewa cikin gyara bayan ciwon kan ya tafi.

Akwai lokacin da hoto ya zama dole, ko da na farko ya fito lafiya, domin wani jinin a hankali yake tsatsa, sai bayan kwanaki ya bayyana. Ciwon kai da kullum ƙaruwa yake har yana tada shi daga barci, amai da ya dawo, barcin da ake tashinsa da ƙyar, jijjiga irin ta farfaɗiya, hannu ko ƙafa ta yi sanyi ko nauyi, baki ya karkace, magana ta harɗe, ganin abu biyu-biyu, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ruwa ko jini na fita ta hanci ko kunne, ko ya kasa gane mutanen gida. Ko ɗaya kika gani, ba jiran asuba, ba biyawa ta kemis. Ku wuce sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, wanda ake kira Gee, inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, ko ki kira 112. Sai kuma in alamun suka haura mako huɗu ba sauƙi. A nan likitan jijiyoyi zai iya neman MRI don ya tabbatar ba wani abu dabam ke ɓoye ba, kuma a ranar adashinki zai yi amfani.

In kun je wurin likita a makon nan, ki san abin da ya kamata ki gani. Akwai takardar gwaji da aka tsara musamman, SCAT6 ta kwanakin farko da SCOAT6 ta ofishin likita, kyauta ake sauke su. Za a karanto masa alamu 22 ya ba kowace maki daga 0 zuwa 6. A faɗa masa kalmomi goma ya maimaita, a sake tambayarsa bayan ɗan lokaci. Ya juya lambobi daga ƙarshe, ya kawo watanni daga Disamba zuwa Janairu. Ya tsaya da ƙafa ɗaya ido rufe, ya taka layi mai mita uku dunduniya na taɓa yatsa. A matso da biro zuwa hancinsa a ga inda zai fara ganinsa biyu, domin idanu biyu da suka kasa haɗuwa kan abu na kusa su ne sau da yawa ke sa littafi ya zama azaba. A latsa wuyansa, saboda karon kai da kai yana murɗe wuya, ciwon wuya kuma yana hawowa ta ƙeya ya zama ciwon kai. In akwai zazzaɓi a gwada maleriya, amma kada a jingina mata komai a sallame ku da ƙwayoyi.

Jirin sujadar nan ki faɗa wa likita shi da kansa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan duwatsu kamar ƙwayar gishiri da ke taimaka wa mutum ya san sama da ƙasa. Bugu kan ɓalle su su faɗa wani lungu, duk sanda aka sunkuya, aka ɗago ko aka juya a shimfiɗa sai ɗaki ya yi ta juyawa na 'yan daƙiƙu. Ana gane shi ta kwantar da mutum da sauri kansa a karkace a duba rawar idonsa, ana kuma gyara shi da juya kai bi da bi cikin minti biyar, abin da masu fisiyo ko likitan kunne suka iya. Ba hoton da ke nuna wannan. Kafin nan ya riƙa ɗagowa a hankali, in abin ya yi yawa ya yi sallarsa a zaune.

Maganin kemis ɗin, ki ɗauko kwalin ki karanta sunan. In tramadol ne, a daina yau, yana dagula tunani, yana jawo jijjiga, ga kama jiki. In farasitamol ne, ibuprofen ko diclofenac, matsalar shan kullum ce: bayan wani lokaci maganin da kansa yake haifar da ciwon kai da zarar ya sake shi, yaro ya ƙara sha, abin ya zama zagaye. A tsaya kan farasitamol, a ranar da ciwon ya matsa kawai, kada ya wuce kwana biyu ko uku a mako. Kada kuma ya sha kafin motsa jiki, don ciwon kan shi ne ma'aunin da za ku yi aiki da shi.

Ba kulle shi a ɗaki mai duhu za ki yi ba. Hutun da ake so awa 24 zuwa 48 ne na farko, tare da rage waya da talabijin, kuma wannan ya wuce. Zaman kwance na makonni yana ƙara ciwon kai, ya lalata barci, ya jefa yaro cikin ƙunci. Ki samo ƙaramin littafi na rubuta makin ciwon. Kafin ya fara kowane abu ya faɗi inda ciwon yake daga 0 zuwa 10. In abin ya ƙara masa maki biyu ko ƙasa da haka, ya kuma sauka cikin awa ɗaya, ya ci gaba. In ya haura haka, a tsaya, gobe a yi ƙasa da na yau.

Karatu ne gaba da ƙwallo. Ya fara da minti goma zuwa sha biyar a gida, ya huta, ya sake, a riƙa ƙarawa. Daga nan rabin yini a makaranta, ya zauna gaba, nesa da hasken taga, a ɗaga masa gwaje-gwajen aji, a rage aikin gida. Ki nemi takardar likita ki kai wa hedimasta da hannunki, ki kuma yi wa malamin makarantar allo bayani, don hayaniyar karatun yara da yawa na iya tada masa ciwon. Ya kwanta ya tashi a lokaci ɗaya kullum, waya ta kwana wurinki, barcin rana kada ya wuce rabin awa, ya sha ruwa sosai, kada ya tsallake karin kumallo.

Komawa fili hawa shida ne, kowane aƙalla yini guda, ba a tsallake. Na farko zirga-zirgar gida da ba ta tada ciwo. Na biyu tafiya da sauri minti 15 zuwa 20 da sanyin safiya ko bayan la'asar. Ga ɗan shekara 15, bugun zuciya kada ya wuce 113 a minti da farko, wato ki ƙirga a wuyan hannunsa daƙiƙa 15 ki sami 28. In ya jure kwana biyu ko uku, a kai 143, wato 36, da sassarfa. Na uku gudu da juyi da taɓa ƙwallo shi kaɗai, ba sa kai, ba kowa kusa. Nan ake dakatawa. Sai ya koma makaranta cikakken yini, alamun sun tafi ko a zaune ko bayan gudu, likita ya sake dubawa ya yarda, sannan hawa na huɗu: atisaye da 'yan ƙungiya ba gogayya. Na biyar cikakken atisaye, na shida wasa. In alamu suka dawo a hawa uku na ƙarshe, a koma na uku. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar wa wasannin unguwa da makarantu a 2023 ta fi sauƙin riƙewa: ba atisayen gogayya sai an yi kwana 14 babu alama ko ɗaya, ba wasa kafin kwana 21. Ɗanki yana kwana na goma da ciwo, ƙirgar 14 ɗin ma ba ta fara ba. A tsawon wannan lokaci ba keke, ba babur, ba ɗanewa bayan aboboya mai ƙafa uku, ba kokawa da abokai.

Dalilin tsaurin nan, ƙwaƙwalwar da ba ta gama gyara ba ƙaramin bugu ke sake kayar da ita, jinyar kuma ta ninka. Akwai kuma wanda ba kasafai yake faruwa ba amma kusan matasa kaɗai yake samu: bugu na biyu ya sa ƙwaƙwalwa ta kumbura cikin mintuna. Haka ya faru da Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan rugbi a Ottawa, wadda ta rasu a 2013 bayan ta bugu fiye da sau ɗaya cikin mako guda ba tare da manya sun sani ba, har lardin Ontario ya kafa doka da sunanta a 2018. Ita kanta hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya tun Yulin 2024 ta ba gasanni damar ƙarin canjin ɗan wasa na musamman don a fitar da wanda ake zargin ya bugu a kai.

Kocin kuma ki yi masa maganar da zai ji. Yaron da idonsa ba ya bin abu daidai, jiri na ɗibarsa, tunaninsa ya yi nauyi, ƙwallo za ta riƙa wuce shi a gaban baƙon da ake son ya burge. Sauri ya haifi nawa. Ki ce masa likita ya hana, takarda na zuwa, ki roƙe shi ya bar yaron ya zo ya zauna a benci cikin inuwa in hayaniya ba ta dame shi ba, don raba shi da abokai gaba ɗaya ma ciwo ne.

Maigida kada ki yi jayayya da shi a kan hoton, ki roƙe shi ya raka ku asibiti. Uban da ya ga ɗansa, mai iya raba 'yan baya uku da ƙwallo, yana tangaɗi a kan layin mita uku, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Fushin da yaron ke yi ma daga ciwon ne, a rage masa faɗa. Ki lura kuma, daga yau zuwa Asabar zai iya cewa ya warke sarai don a bar shi ya buga, saboda haka ki fi yarda da abin da kika gani: ƙanƙance ido a rana, dafe goshi, ajiye littafi. In kika ga ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ko yana maganar gajiya da rayuwa, wannan ma a gaya wa likita a ranar.

Ranar zuwa ki tafi da rubutaccen sakamakon CT ɗin da faifan ko fim ɗin da aka ba ku, da kwalayen duk magungunan da ya sha, da littafin makin nan ko na kwana biyu ne. Ki tuno ko ya taɓa buguwa a kai a baya, ko yana da ciwon ɓarin kai, ko a dangi akwai mai shi, ko yana da sikila ko matsalar tsayawar jini, domin duk suna canza lissafin likita. In akwai wanda ya ɗauki wasan a waya, ki karɓi bidiyon, a ga yadda ya faɗi da daƙiƙa nawa ya yi kafin ya tashi.